Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Abuja: A Halasta Ginin Da Talaka Zai Iya Kama Haya

Mai girma Ministan Babban Birnin Tarayya, Barista Nyesom Wike,

Ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, Allah ya taya riƙo.

Ni fomen ne a wurin gini. Na shigo Abuja a 2003 da takardar difloma ta fannin gini da jaka ɗaya, kuma har yau ban san wata sana'a ba sai ɗora bulo a kan bulo a garin nan. Da bakin mutanen da nake wuni da su nake magana: birkiloli, kafintoci, masu ɗaurin rodi, masu fulasta da leburori, sai kuma direbobi, masu gadi, masu shara, malaman firamare da ƙananan ma'aikatan asibiti, waɗanda muke cika motocin Mararaba da Kubwa da Zuba tare tun kafin gari ya waye. Ba mu da ƙungiya, ba mu da hatimi. Hira ce ta gindin bishiya lokacin cin abincin rana, har abokan aiki suka ce, kai da ka yi boko, rubuta masa.

Ba za mu ga alheri mu rufe ido ba. Mun ga titunan da suka yi shekaru a yashe an kammala su, wasunmu ma sun ci abinci a wuraren. Mun ga jirgin ƙasan cikin gari ya dawo aiki a watan Mayun 2024 bayan ya daɗe a ajiye. Amma titi komai kyansa ba a kwana a kansa, kuma maganar wurin kwana ce ta kawo mu.

Abuja ba ta rasa ƙasa ba. Yankin da Janar Murtala Muhammad ya ware a watan Fabrairun 1976 ya ninka jihar Legas sau biyu. Wanda duk ya bi hanyar filin jirgin sama ko ta Kuje ya san daji yana nan jibge. Ba ta rasa magina ba, ga mu nan. Siminti da rodi sun yi tsada, wannan gaskiya ne, amma a Keffi da Suleja ma da wannan simintin ake gini, kuma hayar can ba ta kama ƙafar ta nan ba. Abin da ya bambanta Abuja shi ne doka: dokar da ta ce ga irin gidan da za a gina a kowane fili, da dokar da ta ce ga wanda takardarsa ta zama takarda.

Bari in fara da ta farko, domin ita na fi sani.

Shekarun baya wani dattijo da ya yi ritaya ya kira ni in duba masa filinsa a wata sabuwar unguwa. Fili ne mai faɗi, ya haura murabba'in mita 1,000. Dattijon ba gidan zama yake nema ba, yana da nasa. So yake ya zuba kuɗin sallamarsa a abin da zai riƙa ba shi na cefane. Muka zauna da mai zane, aka fitar da bene hawa biyu, ciki da falo guda 12, kowanne da kicin da banɗakinsa, ga wurin shanya, ga tankin ruwa ɗaya na kowa da kowa. Har mun yi lissafin hayar da malamin makaranta zai iya biya idan shi da matarsa suna aiki. Zanen bai wuce ba. Dalili kuwa, a takarda an ware filin ne don gidan iyali ɗaya, da ɗakunan masu aiki a baya. Dattijon ya ce to, abin da doka ta yarda shi za a yi. Muka gina masa katafaren gida mai ɗakunan kwana 5, da falo biyu, da tayil har bango.

Ranka ya daɗe, gidan nan ya shekara uku a kulle, domin masu iya biyan hayarsa ba su da yawa, kuma suna da zaɓi. Na koma gyaran wani yoyo a rufin, na tarar ƙura ta rufe tayil ɗin da muka goge da hannunmu, jemagu sun tare a silin. Mai gadi da iyalinsa kaɗai ke zaune a harabar, a ɗan ɗakin bakin get da bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, shi da matarsa da 'ya'ya huɗu. Tukunyarsu na kan murhu a jikin katanga, kayan makarantar yaran na rataye a ƙarfen get. Iyali 12 ya kamata su kwana a filin nan. Doka ta ce ɗaya, ɗayan ma bai samu ba.

Lissafin ba mai wuya ba ne. A ce fili ya ci naira miliyan 60. Idan gida ɗaya aka ɗora masa, miliyan 60 ɗin gaba ɗaya tana kan ɗan haya ɗaya. Idan 12 ne, kowa miliyan 5 ta hau kansa. Duk ƙa'idar da ta ce fili sai babba, gida sai ɗaya, sai an bar wurin ajiye motoci ko da mazauna gidan ba su da ko keke, to ƙa'ida ce da ta riga ta zaɓi wanda zai zauna a unguwar tun ba a haƙa harsashi ba. Ba sai an rubuta “ban da talaka” a allo ba.

Wannan tsari kuma gado ne, ba mu muka ƙirƙiro shi ba. A dokar garuruwa ta 1917, zamanin Gwamna Lugga, an ware wa Turawa unguwarsu, aka bar tazarar yadi 440 da ba a yarda a yi gini ba tsakaninsu da 'yan ƙasa, wai don gudun sauro. Baƙin mutum ɗaya da aka yarda ya kwana a ciki shi ne kuku ko boyi, a ɗakin da ke bayan gidan. Bature ya tafi, muka gaji GRA, muka zo sabon birnin da aka ce na haɗin kan ƙasa ne muka sake zana ta da sunan Maitama da Asokoro. Har yau hanyar da ƙaramin ma'aikaci ke bi ya kwana a tsakiyar Abuja ita ce ɗakin boyi, shi ma yanzu hayarsa ta fi ƙarfin boyin.

Don kada a ce na yi wa babban tsarin Abuja na 1979 ƙazafi, masu zanen sun tanadi unguwanni masu yawan jama'a, sun kuma bar hanyoyin da motocin haya da jirgi za su ratsa birnin. Shaida tana nan a tsaye: dogayen gidajen Area 1 da Area 2 a Garki, da na shiyyoyin Wuse, inda masinja da akawu suka taɓa zama suna zuwa ofis a ƙafa. Da gwamnati ta sayar da gidajenta daga 2005, da yawa suka koma hannun masu kuɗi, wasu suka zama ofisoshi da shaguna, kuma ba a sake gina irinsu da yawa haka a kusa da gari ba. Filayen da aka riƙa ba kamfanoni tun daga 2000 da sunan gidajen jama'a, je ka Lokogoma ko Galadimawa ka ga abin da ya tsiro a kansu: rukunin gidaje masu get da masu gadi, kowanne na miliyoyin da ma'aikaci ba zai tara ba har ya yi ritaya. Mu muka gina su, mun san farashinsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abu na biyu shi ne takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. A Abuja kuwa sashe na 297 na tsarin mulki ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya ƙasar baki ɗaya, kotuna kuma sun sha yanke hukunci cewa ba wanda ke da ikon ba da fili a nan sai Minista. Ma'ana, takardar dagaci ba takarda ba ce, ta ƙaramar hukuma ma sai an tantance ta. To amma mai gadi ko birkila ta ina zai bi ya samu fili daga hannun Minista? Ƙofa ɗaya ce, layin kuma ba ya tafiya da irinmu. Shi ya sa mutum ke zuwa wurin mai unguwa ya sayi awon igiya, a rubuta masa yarjejeniya a fallen takarda da shaidu biyu, ya san sarai cewa ranar da abin zai tashi ba ta da amfani.

Ma'aikatarka da kanta ta bayyana a 2025 cewa takardun filayen ƙananan hukumomi sama da 260,000 aka miƙa domin tantancewa tun daga 2006, kuma waɗanda aka duba ba su kai 9,000 ba. Kusan shekara 20 ke nan. Wanda ya miƙa takardarsa yana ɗaukar ɗansa a kafaɗa, yau ɗan ya isa aure.

Rashin takardar nan yana da illar da ba a gani daga ofis. Ana cire wa ma'aikacin gwamnati kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa duk wata zuwa asusun gidaje na ƙasa, a ƙarƙashin dokar 1992, bisa alkawarin rance mai ruwan kashi 6 cikin 100. Amma banki ba ya karɓar takardar mai unguwa a matsayin jingina, saboda haka yana zuba kuɗi a asusun da ba zai iya ɗiba ba. Sannan wanda ke tsoron rusau ba ya gini mai ƙwari. Na sha ba mutane shawara su zuba kankare mai kyau, su ce mini, “Injiniya, yi mini na wucin gadi kawai, wa ya san gobe?” Buhun siminti ɗaya a buga bulo fiye da ƙima, kwano mafi araha, ba magudanar ruwa, rijiya kusa da masai. In damina ta zo katanga ta faɗi, sai a ce talaka ba ya son bin ƙa'ida.

A nan zan taɓo sabuwar ƙa'idarka ta 2025, wadda ta ce wanda aka ba fili ya biya kuɗinsa cikin kwana 21, ya kuma gina cikin shekara biyu. Idan don masu tara filaye suna jiran farashi ya hau aka yi ta, mun yi murna, domin mun gaji da ganin katanga ta kewaye ciyawa shekara 15 a wurin da ke da titi da ruwa da wuta. Sai dai talaka ba haka yake gini ba. Bulo 200 yau, 200 bayan salla, rufi in an ɗauki adashe. Gidan mahaifina a garinmu shekara tara ya ɗauka. Ƙa'idar da ba ta bambanta mai fili 30 da mai rabin fuloti ɗaya ba, kan na biyun za ta ƙare.

Abu na uku, ranka ya daɗe, shi ne wanda ya fi yi mana ciwo, kuma ina roƙon a yi mini haƙuri in faɗe shi yadda yake. Saɓa wa tsarin Abuja ba talaka kaɗai ke yi ba. Titin Aminu Kano da na Adetokunbo Ademola a Wuse 2, da titin Gana a Maitama, gidajen zama aka tsara a mafi yawansu. Yau bankuna ne da otal-otal da kantuna. A 2025 gwamnatinka ta ba masu irin waɗannan gine-gine dama su biya tarar naira miliyan 5 da sauran kuɗaɗe, a sauya musu takarda ta dace da abin da suka riga suka yi. Ban ce kuskure ba ne. Gari yana girma, dole takarda ta bi shi. Abin da muke tambaya shi ne, me ya sa in mai kuɗi ya saɓa wa tsari ake gyara tsarin, in talaka ya saɓa sai a shafa wa bangonsa jan fenti a turo katafila?

Tsakanin 2003 da 2007 an rushe unguwanni irin su Idu-Karmo da Chika da Aleita, dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni. Mutanen Mpape, da aka ba su sanarwar tashi a 2012, sai da suka yi shekaru a kotu kafin su samu hukuncin da ya tsayar da rusau ɗin a 2017. Rusau kuma bai tsaya ba har yau. Waɗanda aka rushe wa ba komawa garuruwansu suke yi ba, domin aikinsu na nan. Gaba kaɗan suke matsawa. A lokacin rusau na farko ina haya a ɗaki ɗaya a Mararaba. Cikin mako biyu tsakar gidanmu ta cika da katifu da buhunan kaya na 'yan'uwan maƙwabta, wani ma a zaure ya yi wata guda da iyalinsa. Da wata ya ƙare, mai gidan ya zo da murmushinsa ya ce haya ta ninka, wanda bai iya ba ga mutum biyar a waje suna jira. Kowane ɗaki da katafila ta ture, a kan hayar sauranmu ake biyan kuɗinsa. An bar jaki ana dukan taiki.

Sakamakon duk wannan kowa ya san shi, ba sai na ja ba. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun Yulin 2024, wato 840,000 a shekara in mutum bai ci ba bai sha ba. Kwanan baya na raka wani yarona neman ɗaki ɗaya mai banɗaki a ciki, ba ma a cikin gari ba, aka ce masa miliyan 1 da 200,000, ban da kuɗin dillali da na lauya da na ajiya, kuma duk a dunƙule. Ya koma Masaka. Yanzu ƙarfe huɗu da rabi yake fita, ya yi sallar asuba a bakin titi, tafiyar da ba ta wuce rabin awa ranar Lahadi ta cinye masa awa biyu a cunkoson Nyanya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da ya rage a haya mota ke cinye shi. Jirgin da ya dawo aiki kuma Idu da Kubwa da filin jirgin sama yake zuwa, bai san da mutanen hanyar Keffi ba. 'Ya'yansa suna barci yake fita, suna barci yake dawowa.

Ba zan rufe koke ba tare da ambaton masu masaukinmu ba. Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da sauransu suna nan tun kafin a san za a yi birni. Har sunan Abuja ma aro aka yi daga masarautar da yau ake kira Suleja. Mu baƙi in ta yi zafi muna da garin komawa. Su kuwa, dokar da ta ce gado ba ya ba da haƙƙin ƙasa a nan, a kan gonakin kakanninsu ta faɗa, kuma diyyar da doka ta sani ta amfanin gona ce da gini, ba ta ƙasar ba.

Ga abin da muke roƙo.

Babban roƙonmu, a sake duba ƙa'idar abin da ake ginawa a filayen zama. A unguwannin mataki na biyu da na uku na tsarin Abuja, wato waɗanda ke bin bayan tsakiyar gari, inda gwamnati ta riga ta kashe kuɗin titi da ruwa, a yarda mai fili ya gina ciki da falo ko ɗaki ɗai-ɗai a bene hawa biyu ko uku, muddin ya cika sharuɗɗan ƙwarin gini da iska da magudanar ruwa da hanyar motar kashe gobara. A yarda a raba babban fuloti gida biyu ko huɗu, kowane yanki da takardarsa. Wannan ba ya buƙatar kobo daga baitulmali, sa hannu ne kawai. Ba kuma baƙon abu ba ne a duniya. Amurka, wadda kotun ƙolinta ta halasta irin wannan rabon unguwanni tun 1926, ita ma ta fara ja da baya: birnin Miniyafolis ya amince a 2018 a riƙa gina gida uku a filin da a da sai ɗaya. Birnin Okland na ƙasar Niyu Zilan ya saki ƙa'idar a mafi yawan filayensa na zama a 2016, gine-gine suka ƙaru sosai. Kano da Zariya ma sun rayu ɗaruruwan shekaru attajiri da mai facin takalmi suna katanga ɗaya.

Na biyu, a ba tsofaffin unguwannin talakawa irin damar da aka ba titin Aminu Kano. Inda ba a kan hanyar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar wuta ko kan titin da za a fitar ba, a auna, a fitar da layuka, a sa kuɗin da mutum zai iya biya kaɗan-kaɗan, a ba shi takarda. Inda tashi ya zama dole, a nuna wa mutane inda za su koma kafin katafila ta iso, kuma kada a yi shi da damina ko yara na tsakiyar zangon karatu. Takardun ƙananan hukumomin nan kuma a sa musu wa'adi, a riƙa buga sunayen waɗanda aka kammala kowa ya gani.

Filayen da aka ƙwace daga waɗanda suka ƙi ginawa ko suka ƙi biyan harajin ƙasa, muna roƙon a bayyana inda suka tafi. Idan daga hannun babba suka koma hannun wani babba, mu ba abin da ya canja mana. A ware wani kaso a yanka shi ƙanana, a raba ta hanyar ƙuri'a a bainar jama'a, a ba mai ƙaramin fili shekara biyar ko fiye ya gina. Duk kamfanin da zai karɓi ƙasar gwamnati da sunan gidajen jama'a, a rubuta masa a takarda adadin ƙananan gidajen da dole ya gina, a kuma je a ƙirga. Gidaje 753 na Lokogoma da kotu ta mallaka wa gwamnati a watan Disambar 2024, mun san suna hannun ma'aikatar gidaje ta tarayya, ba naka ba, amma kana zama majalisa ɗaya da mai riƙe da su, kalmarka za ta yi nauyi idan ka ce a tuna da ƙananan ma'aikata.

Sai hanyar Nyanya zuwa Keffi: a zauna da gwamnatin Nasarawa a kan manyan motoci masu layinsu na kansu, kafin Allah ya kawo jirgi.

Zanen ciki da falo 12 ɗin nan yana nan a akwatina, na naɗe shi a leda saboda gara. Mai zanen ya ce in an samu inda za a yarda a gina shi, ba ya buƙatar a sake biyansa. Idan ma'aikatarka za ta ware ko da layi ɗaya ne a wata unguwa a gwada wannan tsari, a ga ko gari zai lalace, za mu kawo shi, kuma leburorin da za su haƙa harsashin suna cikin waɗanda suka sa ni rubuta wannan wasiƙa.

Allah ya ƙara wa Minista lafiya.

Naka,
Wani fomen gini, a madadin abokan aikinsa,
Daga Mararaba, hanyar Keffi.